Likita Yamile da Ƙafafun Yayana

Yayana Arcesio ya yi shekara talatin da takwas yana tuƙa jif, yana sauko da buhunan kofi daga gonakin kan duwatsu zuwa Manizales, bai taɓa kwana a asibiti ba. Sai da ya ajiye tuƙi zuciyarsa ta gaji. Likitoci suka ce ba ta tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa masa a ƙafa da huhu. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa biyu suna aiki a Sifen, ni kuma ban taɓa aure ba, ɗinki nake yi a gidan da iyayenmu suka bar mana. Ya tattara akwati ɗaya da rediyonsa ya dawo wurina.

Gidanmu yana can ƙolin unguwa. Daga inda titi ya ƙare zuwa ƙofarmu matakala ce ta siminti, taki ɗari da sittin da uku. Duk bayan mako uku ko huɗu ƙafafun Yaya sai su kumbura su yi sheƙi, takalmi ya ƙi shiga, barci kuma sai a zaune. Sai in roƙi maƙwabta maza biyu su sauko da shi a kan kujera, mu ɗauki tasi zuwa asibiti.

A barandar sashen gaggawa muke wuni. Akwai ranar da muka isa ƙarfe bakwai na safe, ba a kira mu ba sai shida na yamma. Gefenmu mace ce da yaro mai ciwon kunne, gaba kaɗan wani tsoho da ya zo kawai a sabunta masa takardar magani, can kuma wani da adda ta sare shi ya naɗe hannu da riga. Ban taɓa ganin laifin likitocin ba, gudu suke yi tsakanin gadaje. Amma kullum sabon likita muke samu, minti biyar, allura ɗaya, magana ɗaya: ka rage gishiri, ka riƙa shan magani. Mu dawo gida da tarin da muka kwaso a layi.

A wannan barandar na fara ganinta. Gajeriyar mace ce, shekarunta za su kai hamsin, ta rage furfurarta gajere kamar na maza. Ta fito da littafi a hannu tana bin mutane ɗaya bayan ɗaya: me ya kawo ka, daga wace unguwa, awa nawa ka yi a zaune. Da ta iso kanmu Yaya ya dube ta sama da ƙasa.

"Likita, ƙidayar jama'a ake yi yau ko magani?"

"Ƙidaya, Don," ta ce tana rubutu, haka muke kiran babban mutum don girmamawa. "Maganin yana bayana."

"To ki rubuta ni sau biyu. Ƙafafun nan kowace mutum guda ce."

Ta yi murmushi ta wuce. Daga baya na ji labarin cewa sunanta Yamile Quintero, kuma ba wanda ya sa ta wannan aikin. In ta tashi daga nata aikin, maimakon ta tafi gida, sai ta ɗauki littafin. Wata shida tana yi, har ta gano fiye da rabin mutanen da ke cika barandar za a iya duba su a gidajensu. Ta ɗauki littafin ta kai wa hukumar lafiya, ta yi shekara guda tana sintiri a ofisoshi, har suka gaji da ganin fuskarta suka ba ta likitoci huɗu, ƙananan motoci biyu, da masu haɗa mata manhajar waya.

Wata nas ce ta saka min manhajar a wayata ranar da aka sallame mu karo na ƙarshe a wannan shekarar. Sunanta na hukuma dogo ne, mu dai Ƙwanƙwasa muke ce mata, saboda ƙarar da take yi kamar ana buga ƙofa. In ka danna, za ta tambaye ka wane ne ba shi da lafiya, me ke damunsa. In rubutu na ba ka wuya ka yi magana kawai, ka ɗauki hoto in akwai abin nunawa. Ba a jimawa nas zai kira ka. Ko ya gaya maka abin da za ka yi, ko ya sa maka lokacin da likita zai zo gida, ko ya turo motar asibiti. Wanda ba shi da irin wannan wayar, sai ya je kantin magani na unguwa a danna masa.

Yaya bai yarda ba ko kaɗan.

"Gilma, ke da hankalinki? Likitan da ake kira kamar tasi? Tun ina saurayi aka ce za a zuba kwalta a hanyar gonarmu. Je ki duba."

"Yaya, gwadawa ba ta kashe kowa."

"Ni ne za a gwada ai."

Wata Talata da safe ƙafafun suka sake tashi. Ban nemi izininsa ba, na ɗauko tabarau na zauna na danna. Da na durƙusa zan ɗauki hoton, ya ja wandonsa sama da kansa.

"Ɗauka da kyau, kada su ce kututturen ayaba kika turo musu."

Kafin ruwan mazarƙwailar da na ɗora ya tafasa waya ta yi ƙara. Wani mutum ne mai sanyin murya, ya ce sunansa Duván, nas ne. Ya sa na danna ƙaurin Yaya da babban yatsa in gaya masa ko wurin ya lotsa, na ƙirga numfashinsa na minti ɗaya, na duba launin leɓensa. Sannan ya ce likita za ta zo tsakanin goma da sha ɗaya, in kuma numfashin ya canja kafin nan in sake dannawa, ba sai na jira ba.

Goma da kwata wani ɗan ɗigo shuɗi ya bayyana a taswirar wayar, daidai gindin matakalarmu. Muka zuba masa ido mu biyu. Yana motsi kaɗan, ya tsaya, ya sake motsi.

"Wannan ko tsohuwa ce ko mai shan taba," in ji Yaya.

Da na buɗe ƙofa na tarar da ita ta dafa bango tana haki, jaka a goye.

"Doña Gilma? Wanda ya gina muku matakalar nan yana raye?"

"Ya rasu, Likita."

"To ya tsira."

Yaya ya leƙo daga kujerarsa. "Af, mai ƙidaya ce."

Ta wanke hannu, ta saurari ƙirjinsa gaba da baya, ta maƙala masa wani abu a yatsa, ta yi masa allurar da muke wuni guda a asibiti kafin mu samu. Na ɗauka za ta rufe jaka ta tafi. Sai ta ce in nuna mata inda nake girki da inda yake ajiye magungunansa.

Gaskiya raina ya ɓaci. Madafata tsaf take, ba na son a buɗe min tukunya. Amma ba datti take nema ba. Ta ɗauko kwalin dunƙulen ɗanɗano, ta tambaye ni nawa nake jefawa a tukunyar wake. Na ce uku. Ta gutsuri cukun da muke ci da arepa, wainar masararmu, kowace safiya ta ɗanɗana, ta dube ni.

"Na daina sa masa gishiri tun bara," na ce. "Ko ƙwaya ɗaya."

"Na yarda. Ba wanda ya gaya miki gishirin yana cikin waɗannan. Laifinmu ne, mu da muke cewa a rage gishiri mu kira na gaba." Ta ajiye kwalin. "Kafin a fara sayar da wannan, da me mahaifiyarku take girki?"

Na tsaya ina tunani. Albasa mai ganye, tumatir da aka soya har ya narke, tafarnuwa, ɗan lemun tsami a ƙarshe. Ta ce to, ba ta da abin da za ta koya min.

Daga nan ta zazzage magungunansa a kan tebur, ta duba ranar da aka ba shi kowanne, ta ƙirga abin da ya rage. Duk sun yi daidai, ban da ƙwayar da ke fitar da ruwa. Ita kusan rabi tana nan.

"Doña Gilma, ko zan samu ruwan mazarƙwailar nan da nake jin ƙamshinsa?"

Na gane korata take yi. Na shiga madafa, amma bangon gidanmu katako ne.

"Don Arcesio, kwana nawa a mako kake shan wannan?"

Ya ce, "Uku."

"Sauran huɗun fa?"

Taki arba'in ƙasa da gidanmu akwai shagon Don Evelio, inda tsofaffin unguwa ke buga wasan domino daga tara na safe zuwa tsakar rana. Nan ne kaɗai Yaya yake iya zuwa da ƙafarsa. Na ji yana gaya mata, a hankali, da muryar da ban san shi da ita ba, cewa in ya sha ƙwayar da safe fitsari ba ya barinsa ya gama wasa ɗaya. Ban-ɗakin shagon kuma yana cikin gida, sai ka ratsa ta gaban matar Evelio tana girki. Sau biyar ka wuce ta gaban matar mutum a safiya ɗaya, da wane ido? Rannan ya yi ƙoƙarin hawowa gida bai kai ba, ya jiƙa wandonsa a kan matakala. Ya wanke shi da kansa ya shanya a bayan gida don kada in gani. Tun daga ranar, duk ranar wasa ba ya sha.

Na tsaya riƙe da kofi, na kasa motsi. Shekara ɗaya da rabi muna gida ɗaya ban sani ba.

Ba ta yi masa faɗa ba. Tambayarsa ta yi ƙarfe nawa yake dawowa.

"Sha biyu da rabi. Ɗaya in ina ci."

"Kana ci kuwa?"

"Evelio maguɗi ne, amma ina ci."

"To ranar wasa ka sha ta da ka dawo, kafin abinci. Kafin magariba ta gama aikinta. Ita ƙwayar ba ta san ƙarfe nawa ba ne, mu ne muka rubuta safe don ya fi mana sauƙin rubutawa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Da ka faɗa tun farko da an gyara."

"Wa zan faɗa wa? A gaban mutum hamsin, labule ɗaya tsakanina da matar wani?"

"Gaskiyarka," ta ce. "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu kuma shekara ashirin da biyu na yi ina duba mutane ban taɓa ganin ɗakin ba."

Da na shigo da kofin sun koma cinikin soyayyen naman alade. Ta ce Lahadi kaɗai, kuma kada ya wuce faɗin yatsa biyu. Ya ce uku. Ta ce biyu.

"Yatsun wa, naki ko nawa?"

Ta dubi hannunsa, wanda ya yi biyun nata, ta ce, "Na Doña Gilma."

Ta bar mana sikeli. Kowace safiya ya hau, ni kuma in tura lambar ta waya. In nauyin ya ƙaru da kilo biyu cikin kwana uku, Duván zai kira tun kafin ƙafa ta nuna. Sau biyu hakan ya faru, sau biyun kuma da ƙarin rabin ƙwaya na kwana uku aka wuce wurin. Likita Yamile tana zuwa sau ɗaya a wata, wani lokaci wani daga cikin abokan aikinta, amma duk wanda ya zo ya riga ya karanta komai, har da maganar domino. Wakena ya yi lami mako biyu, Yaya yana ci yana mita, sannan bakinmu ya saba. Muka yi wata bakwai ba mu taka asibiti ba. Don Evelio da kansa ya hawo wata rana da wayarsa a hannu, wai matarsa ce ke son a saka mata manhajar.

Wata Alhamis cikin damina na fito da safe na same shi zaune a bakin gado yana zufa, ga sanyi. Ya hau sikeli, nauyi bai canja ba, ƙafafu lafiya lau. Ya ce waken jiya ne ya tsaya masa a ƙirji, haƙoransa na ƙasa kuma suna masa tsami.

"Kira mana likitarmu ta zo ta ba ni wani abu."

Na danna, na faɗi abin da ya ce. Ko ajiye wayar ban yi ba Duván ya kira. Tambaya uku ya yi: tun yaushe, ciwon yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, yana zufa. Sannan ya ce, da muryarsa ta kullum, "Doña Gilma, motar asibiti ta taso. Ki ba shi asfirin ɗaya ya tauna, kada ya haɗiye da ruwa. Kada ya taka matakala, su za su ɗauko shi."

Yaya yana ji. Ya girgiza kai.

"Ba inda za ni. Na gama da barandar nan. In mutuwa ce ta same ni a gadona. Yamile ko ba kowa."

Na roƙe shi, na yi masa tsawa, na ambaci sunan mahaifiyarmu. Ya kafe. Duván ya ce in ba shi minti ɗaya. Sai ga muryar Likita Yamile, ana jin kukan jariri a bayanta, tana wani gida can ɗaya gefen gari. Na ɗora wayar a kan gwiwarsa.

"Don Arcesio, ka ji ni?"

"Ina ji, Likita. Ki zo kawai."

"In na zo da jakata yanzu, abin da zan iya yi maka shi ne in riƙe hannunka. Abin da kake buƙata ba ya shiga jaka. Jijiyar zuciyarka ce nake zaton ta toshe, kuma ana iya buɗe ta in ka isa da wuri."

"In isa in zauna har yamma."

"Wata bakwai na hana ka zuwa, na hana wasu ɗaruruwa irinka. Ka san dalili? Don ranar da za ka je da gaske ka tarar da gado. Ranar ce yau. Na taɓa yi maka ƙarya?"

Ya dubi bango.

"Kin ce wake ba dunƙule zai yi daɗi."

"Wannan ɗaya ce. Tauna asfirin ɗin."

Ya miƙo min hannu na ba shi.

Maza biyu suka sauko da shi cikin ruwan sama, ni ina biye da lema da ba ta rufe kowa ba. Da muka shiga asibiti na dubi barandar don na saba. Akwai mutane, amma akwai kujerun da ba kowa a kai, kuma babu wanda ke zaune a ƙasa. Ba su tsayar da mu wurin rubuta suna ba. Wata likita da ban taɓa gani ba ta tare mu tana kiran sunansa, ta riga ta san magungunansa da nauyinsa na safiyar nan. Suka wuce da shi. Ta wuyan hannu suka zura wata siririyar waya har zuciya suka buɗe jijiyar. Da likitar ta fito ta ce min da mun ƙara awa ɗaya a gida da wata maganar muke yi. Na zauna a ɗaya daga cikin kujerun nan na yi kuka sosai, wata mata da ban sani ba ta ba ni rabin burodinta.

Kwana biyar ya yi suka sallame shi. Da Likita Yamile ta zo duba shi a gida, ya sa na goge masa farar rigarsa ta zuwa coci. Ya miƙe tsaye da ta shigo, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba tun rasuwar mahaifinmu. Ta ce ya zauna kafin ya ɓata mata aiki. Bai yi mata godiya da baki ba, ita ma ba ta tayar da maganar ba. Suka yi ta gardama a kan ko zai iya komawa shagon Evelio bayan mako biyu ko uku.

Ya ƙara shekara uku da wata biyu. Ya ga jikarsa ta farko da aka kawo daga Sifen, ya riƙe ta a coci ranar baftisma. Wata Lahadi bayan mun ci abincin rana ya ce zai ɗan kishingiɗa, na tafi wanke kwanuka, na dawo na tarar ya tafi. A lokacin Likita Yamile tana wani gari, an gayyace ta ta koya wa likitocin can yadda ake tsara aikin. Wani abokin aikinta ne ya hawo ya rubuta takardar.

Bayan kwana tara, ina kan keken ɗinki ina kalmashe rigunan makaranta, waya ta yi ƙara. Ita ce da kanta. Ta yi min gaisuwa, ta tambayi yadda abin ya faru, na gaya mata, ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba. Sannan ta ce, "Doña Gilma, ke yaushe rabon da a auna miki jini?"

Na yi dariya. Na ce ni lafiyata ƙalau, ba ni da lokacin ciwo.

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Na yi tunani na ce ina jin tun kafin Yaya ya dawo gidan.

"Shekara biyar ke nan. Ina shiga gidanki ina fita ban taɓa tambaya ba, wannan sakacina ne. Alhamis da safe."

"Alhamis zan kai rigunan nan."

"Juma'a, ƙarfe takwas. Kada ki ci komai kafin in zo."

Ranar Juma'a ta zo. Ta auna hannun dama, ta auna na hagu, ta sa na zauna shiru minti biyar ta sake aunawa. Jinin ya hau, ba kaɗan ba. Ta ɗebi na gwaji a ƙaramar kwalba, ta rubuta min ƙwaya ɗaya ta safe, ta tambaye ni ko akwai wanda nake cin abinci tare da shi yanzu. Na ce babu. Ta ce wannan ma za mu yi maganarsa in ta dawo bayan mako biyu, yau akwai gida shida da ke jiranta.